Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a bar masu bincike su yi aikinsu

Akwai wani ƙanena, ba ciki ɗaya muka fito ba amma fada ɗaya muke shan shayi, yana karatun mastar a fannin zamantakewa a ɗaya daga cikin jami'o'inmu. Ba zan faɗi wacce ba. Bara ya kai ma malamin da ke duba mishi memuwar batun da yake so ya yi bincike a kai: mi ya sa 'yan daudu da maza masu neman maza ba su zuwa likita sai cuta ta ci ƙarfinsu. Yana da dalilinshi. Wani maƙwabcinsu mai sai da abinci a tasha ya yi wata huɗu kwance cikin ɗaki, ana ta roƙonshi a kai shi asibiti yana ƙi, har rai ya yi halinshi. Malamin ya saurare shi har ya ƙare, sannan ya ce: "Ɗana, kana so a ba ka mata cikin garin ga? Kana so a ɗauke ka aiki? Je ka rubuta a kan gidan sauro." Yaro ya ce, "To Malam." Yanzu haka a kan gidan sauro yake rubutu.

Ban ga laifin gidan sauro ba, masassarar cizon sauro tana kashe muna yara kowace damina. Malamin ma ban ɗauke shi mugu ba, ya san garinshi ne. Abin da ya hana ni barci shi ne tambayar yaron tana nan ba amsa, kuma mun shirya ƙasa yadda duk ɗan ƙasar da ya ce zai nemo amsar sai ya sayar da mutuncinshi tukuna.

Na san wasu tun daga nan sun fara rubuta "A'uzu billahi" suna jiran su liƙa a ƙasa. Ku ɗan dakata. Ni ba malami ba ne, ban zo ba da fatawa ba, hukuncin addini kowa ya san inda ake tambayarshi. Maganar cuta na kawo, da maganar wanda ke ƙirga masu cuta.

Mu je Senegal, ƙasar Musulmi, ƙasar Tijjaniyya, ƙasar Kaulaha da mutanenmu ke zuwa ziyara. A Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar akwai wani masanin halayyar al'umma, Cheikh Ibrahima Niang. Mutumin ga ya daɗe yana aiki kan sida, ya yi aiki da ƙungiyoyin mata na gargajiya, daga baya a 2014 ma shi anka tura Saliyo ya gano mi ya sa mutanen ƙauye ke gudun ma'aikatan Ebola. A farkon shekarun 2000 shi da abokan aikinshi, tare da hukumar yaƙi da sida ta ƙasar, sunka yi abin da kusan ba wanda ya taɓa yi a yankinmu: sunka zauna da maza 250 masu neman maza a Dakar sunka yi musu tambayoyi. Rahoton ya fito a 2002.

Ga abin da sunka samu. Kashi 88 cikin 100 na mazan nan sun ce sun taɓa saduwa da mata. Kashi 43 cikin 100 sun ce an taɓa yi musu fyaɗe. Kuma in ciwon sanyi ya kama su ta inda zai tona musu asiri, ba su faɗa ma likita, sai su ɓoye ko su sayi magani bakin hanya, don sun san irin kallon da za a yi musu. A 2004 wani ayarin likitocin Senegal ɗin ya auna jinin maza 463 a birane biyar. Kashi 21.5 cikin 100 na ɗauke da ƙwayar sida, a ƙasar da sauran jama'a ba su kai kashi 1 ba. Sama da 9 cikin 10 nasu sun ce sun taɓa hulɗa da mata.

Ku sake karanta lambar ƙarshen nan. Waɗanne mata ne? Matan aure ne, 'yan mata ne da anka kai musu sadaki, ƙannen wani ne. Mace tana ɗakinta, ba ta taɓa taka ƙofar kowa ba, sai ranar awon ciki a ce mata jininta ba lafiya. Dangin miji su ce ita ta kwaso. Lamba dai ba ta san ƙarya ba, kuma da Niang ya bi shawarar da anka ba ƙanena, da ba wanda zai san ta inda cutar ke shiga gidajen aure. Bayan binciken ne Senegal ta sa mazan nan cikin tsarinta na yaƙi da sida, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da sunka yi haka.

Sai kuma ƙasar ta rusa da hannun hagu abin da ta gina da na dama. A Disamba 2008 Dakar ta karɓi babban taron sida na Afirka, anka yi jawabai masu daɗi. Taro bai yi sati biyu da watsewa ba 'yan sanda sunka kama maza tara masu aikin wayar da kai, a Janairu 2009 kotu ta yanke musu shekara takwas takwas. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a Afrilu, amma ɓarna ta riga ta auku. Masu raba kororon roba sunka daina, masu shan magani sunka ɓuya, wasu sunka bar gari. Wanda ya bar shan maganin sida kuwa ƙwayar sai ta sake yawa cikin jininshi, kuma a lokacin ne ya fi saurin ba wani. Wanda ke shan maganinshi daidai har ƙwayar ta kwanta ba ya ba matarshi. Wanga ba ra'ayina ba ne, abu ne da likitocin duniya sunka tabbatar.

Najeriya da ke bayan Dan Isa ma an auna. A Janairu 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi kaso na shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga mai tallafa ma ƙungiyoyinsu. A lokacin akwai masu bincike da ke bin lafiyar ɗaruruwan irin mazan nan a Abuja, don haka sun ga kafin doka sun ga bayanta. Masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100. Doka ta fito, mutanen ba su ɓace ba, daga layin asibiti kawai sunka ɓace. Mali ta yi tata dokar a 2024, Burkina a 2025. Ina so in ji wa anka ɗora ma aikin auna abin da zai biyo baya a asibitocin Bamako da Wagadugu.

Yanzu mu zo ga maganar da na fi ji a fada: "Ai Turawa sunka kawo, a bar su da kayansu." Dan Allah mu ji tsoron Allah ko cikin gardama. Kalmar ɗan daudu Faransanci ce? Tun kakanninmu suna nan, a tashar mota, a bakin kasuwa suna tuya, a gidajen mata masu zaman kansu, a wajen bori, a bukukuwa suna riƙe da tukunya. Wolof na ce ma nasu goorjigeen, su ma wajen bukin mata anka san su. Ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, kuma da yawan masu neman maza ba ka ganin alama ko ɗaya a jikinsu, da gemunsu da iyalinsu. Wanga bambanci kaɗai ya isa a ce sai an yi bincike, don mai tsara aikin lafiya in bai san da wa yake ba, kuɗin banza zai zuba. Abin kunyar shi ne littafin da duniya ta fi sani a kan 'yan daudu wani Ba'amurke ne ya rubuta shi, Rudolf Gaudio, wanda ya zauna Kano a shekarun 1990, littafin ya fito a 2009, da Turancin Ingilishi. Mun hana ɗanmu rubutawa, baƙo ya zo ya rubuta, sannan mu juya mu ce ai ga shi nan, zancen baƙi ne.

Kuma baƙin ma sun fara naɗe tabarma. A Janairu 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin waje, ta wargaza USAID, a cikin Amurka kanta ta soke kuɗin bincike masu yawa da sunka shafi lafiyar waɗannan mutane, malaman da sunka kwashe shekaru suna aiki sunka wayi gari ba ko sisi. To masu cewa Amurka ce ke tura muna, yau gwamnatin Amurka ra'ayinku ɗaya. Cutar ta tafi? Tun 2023 muke ta kirarin zancen ƙasa ne, na yarda, to jinin 'yan ƙasa ma zancen ƙasa ne. Ƙasar da ba ta iya ƙirga marasa lafiyarta da kanta, sai baƙo ya biya, in ya fasa a zauna cikin duhu, wane 'yanci take taƙama da shi?

Wani zai ce sida ba ta da yawa a Nijar. Gaskiya ne, alhamdu lillahi, babban binciken lafiya na 2012 ya samu kashi 0.4 cikin 100 na manya. Amma Senegal ma ƙasa da kashi 1 take da shi lokacin da anka samu 21.5 a lungu guda. A ƙasashe irin namu cutar ba ta watsu ko'ina ba, tana taruwa ne inda ba a so a duba: wajen mata masu zaman kansu, wajen haƙar zinariya, gidan kaso, da wajen mazan da muke magana. Ƙaramar lamba ta ƙasa baki ɗaya tana iya rufe babbar wuta a unguwa ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu duka, ko da ba ruwanka da wannan batu. A 2003 wani littafi ya fito, wanda masu bincike na LASDEL da ke Yamai ke cikin waɗanda sunka yi aikinshi, kan yadda ma'aikatan lafiya ke karɓar marasa lafiya a Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Abin da sunka rubuta kowa ya taɓa gani da idonshi: tsawa, wulaƙanci, wanda ya san wani ya wuce, wanda bai san kowa ba ya kwana kan banci. Wace uwa ce a Maraɗi ko Tawa ba ta da labarin matarnite? Asibitin da ya saba zaɓen wanda ya cancanci tausayi ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. Yau ɗan daudu ne anka yi ma dariya, gobe bazawara ce, jibi yarinyar da ta yi ciki ba aure, gata baƙauyen da bai jin Faransanci. Mai binciken da ya je ya tambayi wanda ke can ƙarshen layi, shi ke gano inda tsarin ya ruɓe ga kowa. Rantsuwar likita ba ta ce a tambayi marar lafiya zunubinshi kafin a ɗaura mishi ruwa ba. Da ana tambaya, wallahi da gadajen asibiti sun yi yawa.

Ba zan ɓoye muku ba, binciken ga yana da haɗarinshi, kuma masu tsoron haɗarin suna da gaskiya. Takardar da ke ɗauke da suna da unguwa, in ta faɗa hannun da bai dace ba, ta zama jerin waɗanda za a kama ko a jefa. A Kaulaha a 2023 an tono gawar wani mutum an ƙone ta a titi saboda zargi, mutane na ɗauka da waya. Mu ma a nan manyanmu sun tuna Nuwamban 2000, lokacin da zanga-zangar adawa da bikin FIMA ta rikiɗe a Maraɗi anka afka ma gidajen mata da na bori. Saboda haka ne aikin ke son ƙwararre, wanda ya san yadda ake ɓoye suna, wanda kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tsarinshi, wanda jami'arshi za ta tsaya bayanshi in an zo tambaya. Ƙwararre kuwa ba ya faɗowa daga sama. Ɗalibin mastar ne da anka bari ya fara.

Muna da Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa. Abin da nake nema gare su bai kai a kira taron ƙasa ba. In ɗalibi ya kawo batu mai nauyi, a duba hanyar bincikenshi, a gyara mishi, in bai iya ba a ce bai iya ba, amma kar a tsorata shi da aure. Ma'aikatar lafiya ta fito ta faɗa da bakinta cewa sirrin marar lafiya da sirrin wanda ya amsa tambayar bincike ba na komisariya ba ne. Mu kuma na Facebook, mu daina liƙa ma mutum sunan abin da yake bincike. Mai binciken kuturta ba kuturu ba ne, wanda ya rubuta memuwar a kan 'yan ta'adda ba mu ce ya shiga daji ba.

Ƙanen nawa zai kare memuwar ɗinshi bana in Allah ya yarda, kuma na san zai ci. Rannan na tambaye shi ko ya manta da wancan batun. Ya buɗe wayarshi ya nuna mini tambayoyi goma sha bakwai da ya rubuta tun bara, bai goge ba. Ya ce matar maƙwabcin nasu ta sake aure a wani gari, kuma har ta tashi ba wanda ya ce mata ta je a auna jininta.