Sabon Kaya Da Lahani: A Mayar, Kada A Kai Gyara

Jos gari ne na kiɗa, kuma gari ne na masu gyara. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi suna ne da kuntigi, gwangwani da fatar akuya da tsirkiya ɗaya. Idan irin wannan ya lalace, mai shi ke gyara abinsa.

Sai dai wannan ɗabi'a takan cuci mai sayen sabon kaya. A ɗauki ma'aikacin da ya yi wa ɗansa odar ukulele, ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, ta iso Farin Gada da tsagewa a wuya. Abin da zai fara faɗo masa shi ne neman kafinta. Kuskure ne. Da zarar an shafa mata gam, mai shago ya sami hujjar cewa a hannun mai saye ta lalace.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba da damar mayar da kaya mai lahani cikin wata uku, a gyara, a canza, ko a biya kuɗi. Rubutun “ba a mayar da kaya” a jikin rasit bai soke wannan ba.

Gyara yana da muhallinsa: tsirkiyar da ta tsinke, ko katakon da hunturun Filato ya tsaga bayan an daɗe ana kaɗawa. Amma lahanin da ya zo cikin kwali, a ɗauki hotonsa, a adana rasit, a mayar. Yawan haƙurin masu saye ne ke koya wa 'yan kasuwa sakaci.