Ciwon suga: ba kowa ne ya kamata ya bi lamba ɗaya ba

Duk gidan da ke da mai ciwon suga an san irin murnar da ake yi idan ƙaramar na'urar gwaji ta nuna lamba ƙasa-ƙasa. Ana ɗauka cewa iya saukar suga, iya samun lafiya. Binciken likitoci na shekaru fiye da 30 bai yarda da hakan gaba ɗaya ba.

A 1993 aka fitar da sakamakon binciken DCCT, wanda aka yi a Amurka da Kanada kan mutane 1,441 masu nau'in farko na cutar. Waɗanda aka tsananta wa kulawa sun samu raguwar haɗarin lalacewar ido da kashi 76 cikin ɗari, amma faɗuwar suga mai tsanani ta ninka musu kusan sau uku. A 1998 binciken UKPDS na Ingila ya nuna amfanin saukar da suga ga masu nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa. Sai likitoci suka ce to a ƙara matsawa. A binciken ACCORD, mai mutane 10,251, an nemi a kai gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ƙasa da kashi 6 cikin ɗari. A 2008 aka dakatar da wannan tsarin tun lokacinsa bai cika ba, domin waɗanda aka matsa wa sun fi mutuwa: 257, a kan 203 a ɗaya rukunin.

Shi ya sa yanzu ake cewa ƙasa da kashi 7 ga yawancin manya, amma dattijo mai ciwon zuciya ko na ƙoda ana iya sassauta masa zuwa kashi 8. Tsohuwar da ke shan glibenclamide, wadda wata rana abincin rana kan wuce ta, ba a neman mata lambar saurayi ɗan shekara 30. Sugan da ya ɗan hau yana ɓarna ne a hankali cikin shekaru. Wanda ya faɗi warwas kan sumar da mutum cikin dare guda.

Akwai wani abin da ya shafi Nijar kai tsaye. HbA1c yana dogara ne da jajayen ƙwayoyin jini, don haka amosanin jini, wato sikila, da ƙarancin jini suna iya karkatar da sakamakonsa. A ƙasar da sikila ta yi yawa har aka kafa mata cibiya ta ƙasa a Yamai, bai dace likita ya karanta wannan gwajin ba tare da ya tambayi irin jinin majinyaci ba.

Ƴan uwa mazauna waje ma suna da nasu nauyin. Aiko wa iyaye na'urar gwaji alheri ne, amma na'urorin ba harshe ɗaya suke yi ba. Asibitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa sun saba da giram a cikin lita, irin na Faransa. Ta Amurka za ta rubuta 126 inda likitan nan zai ce 1,26, ta Ingila kuwa 7 za ta nuna, alhali duk abu ɗaya ne. Kuma na'ura ba ta da amfani ranar da ƴan takardun da ake ɗiga wa jini suka ƙare, ga shi na wani kamfani ba sa shiga ta wani, zafin watan Afrilu kuma yana lalata su. Na'urar da ake mannawa a damtse irin FreeStyle Libre tana auna suga dare da rana, sai dai duk kwana 14 sai an sayi sabuwa. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan ba duk shekara, gara ya ɗauki nauyin takardun gwaji da kuɗin ganin likita.

Ita ma ma'aikatar kiwon lafiya nan ya kamata ta sa ƙarfinta: takardun gwaji masu sauƙin kuɗi a cibiyoyin lafiya na unguwanni, da umarni ga ma'aikata su rubuta wa kowane majinyaci tasa lambar a katinsa, ta sama da ta ƙasa. Ta ƙasan ba a cika faɗa wa mutane ita ba: daga 0,70 zuwa ƙasa, da rawar jiki da gumi, a sha ruwan sukari nan take. Ko mai azumi ne, shawarar ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya, IDF, ita ce ya karya azumin.