KARE KAI DA ALFARMAR JININ RAUNANA A FALASƊINU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, kalmar "kare kai" ta sha wahala a bakin masu ƙarfi. Tun 1967 Isra'ila ta mamaye Yammacin Kogin Jodan da Gabashin Ƙudus da Gaza, kuma a Yulin 2024 Kotun Duniya ta bayyana cewa ci gaba da wannan mamaya ya saɓa wa doka. Wanda aka ƙwace wa gida da gona yana da haƙƙin kare kansa, a shari'ance da hankalce.

Bayan harin 7 ga Oktoba 2023, Isra'ila ta fake da kare kai ta yi wa Gaza ruwan bama-bamai, ta rusa asibitoci, ta tsare abinci. A ƙididdigar ma'aikatar lafiyar Gaza, mamata sun haura 60,000 a Yulin 2025, da yawansu mata da yara. Alhali Yarjejeniyar Janiba ta huɗu ta 1949 ta haramta azabtar da jama'a kan laifin da ba su aikata ba. A Nuwamban 2024 Kotun Manyan Laifuka ta ba da sammacin kama Netanyahu da Gallant.

Amma mu masu da'awar bin Alƙur'ani da Sunna ba ma awo da mudu biyu. A wancan harin an kashe mutane kimanin 1,200, akasarinsu farar hula, aka yi garkuwa da kusan 250, har da yara da tsofaffi. Aya ta 190 ta Suratul Baƙara ta yi izinin yaƙar masu yaƙarmu, ta kuma hana ƙetare iyaka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe mata da yara, kuma Imamu Malik ya kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar (RA) ga Yazidu ɗan Abu Sufyan, inda ya haɗa da tsoho tukuf. Zaluncin maƙiyi bai shafe waɗannan nassoshi ba.

Saboda haka wajibinmu ne mu tsaya wa Falasɗinawa da addu'a da dukiya da alƙalami, mu kuma karantar da matasanmu hukunce-hukuncen yaƙi, don kada fushi ya sa su yi murna da jinin da Allah Ya haramta.

Allah Ka taimaki raunana, Ka tsare mu daga zalunci. Amin. Wassalamu alaikum.