Darasi Daga Ƙwan Vegreville

A tsakiyar gonakin alkama na lardin Alberta, a ƙasar Kanada, akwai wani ƙaramin gari mai suna Vegreville, wanda mutanensa ba su kai 6,000 ba. Ba shi da dutse, ba shi da teku, amma matafiyi kan ratse daga babbar hanyar Edmonton don ya gan shi.

Abin da ke tsayar da baƙo shi ne wani ƙaton ƙwai na sanholo, mai tsawon kimanin mita 9, wanda iska ke juyawa. An kafa shi a 1975, da irin zanen da 'yan asalin Yukren ke yi wa ƙwai lokacin bikin Ista, domin kakannin da yawa daga cikin mutanen yankin daga can suka yi ƙaura. Kowane watan Yuli kuma akan yi bikin raye-raye da kaɗe-kaɗe da abincin gargajiya.

A 2018 gwamnatin tarayya ta ɗauke ofishinta na shige da fice daga garin, ta mayar Edmonton, guraben aiki sama da 200 suka bi shi. Ƙwan da bikin kuwa suna nan daram, gama ba aro ba ne.

Saboda haka ya kamata hukumomin ƙananan garuruwa su yi tunani. Ofishin da takarda ta kawo, takarda na iya ɗauke shi. Wajibi ne a ware kuɗi don adana abin da aka gada, a kuma koya wa yara, tun kafin masu saninsa su ƙare.