Tsutsar da kuka yi wa dariya a guruf

1/ Shekaranjiya aka turo sanarwa a guruf ɗin ajinmu: wani ɗakin bincike a Amurka yana neman ɗalibai, aikinsu nazarin yadda jijiyoyi ke tsirowa a jikin tsutsa. Aka yi ta 😂. Wani ya ce "shekara huɗu a jami'a, ka ƙare a kiwon tsutsa?" Abin ya tsaya min a rai, bari in yi magana.

2/ Sunanta C. elegans. Tsawonta kamar milimita ɗaya, jikinta garau, ana hango cikinta a maikiroskof tana raye. Ƙwayoyin jijiyarta 302 ne cif. Naka kusan biliyan 86. To in kana son sanin yadda jijiya ke gane hanyarta ta haɗu da 'yar'uwarta, da wa za ka fara?

3/ Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu, shi ya ɗauko ta a Cambridge a shekarun 1960. John Sulston kuma ya zauna gaban maikiroskof yana bin ƙwayoyin jikinta ɗaya bayan ɗaya. Ya gano ana yin 1090, sai 131 su mutu, kuma kullum su ɗin dai ne ke mutuwa. Mutuwar a tsare take. Daga nan aka gano kwayoyin gadon da ke ba da umarnin, aka tarar mu ma muna da irinsu. In suka lalace, ƙwayar da ya kamata ta mutu sai ta ƙi. Ɗaya daga cikin ƙofofin kansa ke nan.

4/ Nobel ɗin 2002, 2006, 2008 da 2024 duk da hannunta a ciki. Tsutsa fa.

5/ Masu cewa "ina ruwanmu", ku ji. Tsutsar da ke kawo tundurmi da mai makantar da mutane a bakin rafi danginta ne. Mectizan ɗin da ake rabawa kyauta a ƙauyukanmu shanye jijiyar tsutsa yake yi, kuma da C. elegans aka gano ƙofar da yake bi ya shiga.

6/ Abin da ya fi jan hankalina shi ne arha. Bakteriya take ci a ɗan faranti. Kwana uku ta girma, guda ɗaya ta ba ka 'ya'ya wajen 300. Ka kwatanta da ɓeraye, da kuɗin abincinsu da watannin jira, ga furojet na ƙare maka a wuya.

7/ Ba zan ɓoye muku ba, akwai matsala. Ba ta son zafi, ya wuce digiri 25 sai ta fara wahala. Ajiyarta kuma sai firiza mai -80. Ku tuna watan Afrilu a Kano, ku tuna wutarmu. Amma wallahi sola da ɗan firij sun fi sauƙin samu a kan gidan ɓeraye. Shi ya sa nake ganin wanda ya je ya koyo wannan, ya koyo abin da zai iya dawowa da shi gida ya yi.

8/ Ni dai na tura takarduna jiya da daddare. Saura wasiƙar shaida daga malamina, kwana biyu ina sintiri a ƙofar ofishinsa. Wanda ke son sanarwar ya yi min magana ta inbos, har mai zancen kiwon tsutsa, ba na riƙo.