Tabbata Ma Iri-Iri Ce

Duk wanda ya taɓa koyar da Turanci ya san cewa idan ɗalibi ya ci karo da stable, ko steady, ko constant, ko steadfast, to da "tabbatacce" zai fassara su baki ɗaya, alhali kuwa ma'abota wannan lugga ba su ɗauke su ɗaya ba. Likita yakan siffanta majinyaci da stable ko da yana kwance cikin tsananin ciwo, muddin halinsa bai ci gaba da taɓarɓarewa ba. Saboda haka dangin da tafinta ya ce wa "ya samu sauƙi" an ɗora su bisa zaton da ba shi da asali, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Steady yana tare da motsi, kamar hannun wanzami yana aski ba ya rawa. Constant shi ne abin da ba ya yankewa ko sauyawa komai tsawon zamani, steadfast kuwa ɗabi'ar zuciya ce, makusanciyar istiƙama.

Littafin Roget, wanda ya fito a Ingila a 1852, tara irin waɗannan kalmomi ya yi wuri guda bai rarrabe su ba, amma Abu Hilal al-Askari tun ƙarni na 4 na Hijira ya wallafa Al-Furuƙ domin fayyace bambancin lafuzza masu kama da juna. A ganina tafarkin Abu Hilal ya wajaba malaman Turanci su bi, musamman masu horar da tafintocin asibiti da na kotu.