Gori Ba Ya Rage Ƙiba

A tashar mota, mace mai jiki ta ɗaga ƙafa za ta shiga, sai yaron mota ya ce, "Hajiya, kuɗin mutum biyu fa za ki biya." Fasinjoji su kwashe da dariya, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. A gidan biki wata 'yar uwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wai ke me kike ci ne haka?" A makaranta kuma yara sun raɗa wa ɗanta suna Buhu. In an tambayi masu wannan hali sai su ce don amfaninta suke yi, wai ko kunya ta sa ta rage ci. Ra'ayinmu a wannan jarida shi ne wannan uzuri bai da tushe, kuma binciken masana ya nuna gorin ma yana ƙara ciwon da ake cewa ana magani.

Ba ma raina matsalar ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum fiye da biliyan ɗaya ne ke fama da ƙiba mai yawa, wato ɗaya cikin takwas na mutanen duniya, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa suna biye da ita. Tambayar ita ce, me ke taimaka wa mai ita?

A 2013, Angelina Sutin da Antonio Terracciano na Jami'ar Jihar Fulorida sun fitar da sakamakon bibiyar Amurkawa fiye da 6,000 na tsawon shekara huɗu. Waɗanda suka ce ana wulaƙanta su saboda jikinsu sun fi sauran faɗawa cikin ƙiba mai yawa da kusan ninki biyu da rabi. Waɗanda dama suna cikinta kuwa, wulaƙancin ya ƙara musu yiwuwar dawwama a ciki.

Janet Tomiyama ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjales ta bayyana yadda abin ke kewayawa. Gori yana jawo damuwa. Damuwa tana sa jiki ya saki sinadarin kotizol, shi kuwa kotizol yana buɗe sha'awar maiƙo da zaƙi, yana kuma tara kitse a tumbi. Jiki ya ƙaru, gori ya ƙaru, a koma gidan jiya. Ga kuma matar da aka yi wa dariya a tashar mota: gobe da asuba ba za ta fito tattaki ba.

To, horon yunwa fa? A 2007, Traci Mann da abokan aikinta, ciki har da Tomiyama, sun tattara binciken da aka yi a kan masu ƙauracewa abinci, suka gano cewa bayan 'yan shekaru, tsakanin kashi ɗaya zuwa biyu cikin uku sun mayar da abin da ya fi wanda suka zubar. A 2010 Tomiyama ta gwada mata 121, ta ga cewa taƙaita ci zuwa kalori 1,200 a rana na mako uku ya ɗaga kotizol a jikin waɗanda aka taƙaita wa. Jikin da aka hana abinci yakan ɗauka fari aka shiga, sai ya rage ƙona abin da ya samu. Wanda jikinsa ya dawo bayan ya sha wahala, da halittarsa ya yi kokawa, bai cancanci a kira shi rago ba.

A ƙasar Hausa wuƙar baki biyu gare ta. An daɗe ana ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata, har amaryar da ba ta yi ƙiba ba akan tambayi ko lafiya take zaune da mijinta. Siririya a kira ta tsinke, ta je ta sayi "sha ka fashe". Cikin ƙwayoyin da ake sha don ƙiba akwai deksametason, wanda ke aiki a jiki irin na kotizol, yana kumbura fuska, yana iya jawo ciwon suga da hawan jini. In jiki ya buɗe kuma, bakin da ya tura ta shi zai sake tura ta wurin masu shayin rage tumbi a Facebook da TikTok. Baki shi ke yanka wuya, kuma masu sayar da magungunan nan da shi suke cin kasuwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne a samu wannan hali a asibiti. Mace ta zo da ciwon baya, tun kafin ta gama bayani a ce, "Je ki rage ƙiba." Wadda aka yi wa haka sau biyu takan daina zuwa, sai ciwo ya ci jiki. Shi ya sa a watan Maris na 2020 ƙwararru daga ƙasashe da dama suka fitar da matsaya guda a mujallar Nature Medicine, suna kiran a kawo ƙarshen ƙyamar masu ƙiba.

Muna kira ga makarantun koyon aikin likita da na jinya su koyar da yadda ake magana da mai jiki cikin mutunci, a auna jininsa da sugansa, a saurari ƙorafinsa. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta matsa wa masu tallar ƙwayoyin ƙiba da na ramewa. Gwamnatoci su samar da wuraren motsa jiki da mata za su shiga cikin sutura da natsuwa. Malamai su tunatar da jama'a cewa Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi.

Sauran aikin yana cikin gida. Maigida, in lafiyar uwargida ce ta dame ka, ka raka ta awo, ku taka tare bayan la'asar, a rage lemon kwalba da soye-soye a kwanon kowa da kowa, har da naka. Iyaye, ku hana a kira ɗanku da sunan da zai sa ya tsani jikinsa. Lafiya uwar jiki ce, kuma mutum ya fi kula da jikin da ba a sa shi jin kunyarsa ba.